Yadda Ake Binciken Almundahana a Ƙungiyar Adashi da Bayar da Rance, Mataki-Mataki

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga masu karatu, musamman ma'aikatan gwamnati da malaman makaranta da 'yan kasuwa masu zuba kuɗi a ƙungiyoyin gama kai: mun fara zargin ana yin sama da faɗi da kuɗinmu, ta ina za mu fara? Wasu sun ce an daina raba ribar ƙarshen shekara ba tare da bayani ba. Wasu sun nemi rance an ce su jira wata shida, alhali kowane wata ana cirar kuɗi daga albashinsu. Wani kuma ya yi ritaya, ya je karɓar ajiyarsa, aka fara yi masa je-ka-ka-dawo. Wannan jagora ta shafi ƙungiyoyin da ke da rajista a Nijeriya, kuma jerin matakan da ke cikinta yana da muhimmanci, domin yawancin binciken da na ga ya watse tsallake mataki ne ya watsa shi. Abin da za ku riƙe tun farko shi ne littattafan ƙungiya ba za su iya ba da shaida a kan kansu ba, tunda sau da yawa wanda ake zargi shi ne ya rubuta su. Gaskiyar tana hannun banki da ofishin albashi da mambobi, aikin mai bincike kuwa shi ne ya ɗauko abin da ke hannun waɗannan ya auna littafi da shi.

Mataki na 1: Ku mayar da zargi rubutacce

Kafin a kira taro ko a ambaci sunan kowa, mutum biyu ko uku daga cikin masu ƙorafi su zauna su rubuta abin da ya faru da su, kowane abu da ranarsa da adadin kuɗinsa da takardar da ke nuna shi. Cewa ma'aji ya gina gida ko ya ƙara aure ba zai tsaya a gaban kowa ba. Amma wanda ya ce takardar albashinsa ta nuna an cire masa naira 15,000 a watan Maris, littafin ajiyarsa kuma ya nuna 10,000, ya kawo abin da za a iya bi. Ku haɗa da alamun da suka shafi tafiyar da ƙungiyar: an yi shekara biyu ba a kira babban taro ba, ba a karanta rahoton odita ba, mutum ɗaya ne ke karɓar kuɗi kuma shi ke rubutawa kuma shi ke kai wa banki, jami'in da ba ya yarda ya tafi hutu ko ya bar wa wani makulli, ko kuma ana ba mambobi lambar asusun wani mutum su tura kuɗi maimakon asusun ƙungiya. Kada ku raina ƙorafin ƙaramin ma'aikaci. Rahoton 2024 na ƙungiyar masu binciken zamba ta duniya, ACFE, ya nuna kashi 43 cikin ɗari na almundahanar da ta nazarta ta hanyar tsegumi aka gano ta.

Gargaɗi: kada a zuba wannan a dandalin WhatsApp na ƙungiya. Ɓata suna laifi ne a kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa, kuma ko ba a kai ku ƙara ba, kun ba mai laifi damar gyara littafi kafin ku iso.

Mataki na 2: Ku samo hurumin yin bincike

Mamba yana da haƙƙin tambaya, amma ba shi da ikon ƙwace littafi ko neman bayanan asusun ƙungiya a banki. Don haka ku nemo kundin ƙa'idojin ƙungiyar, wato wanda aka yi rajista da shi, ku karanta sassan da suka yi magana kan kwamitin sa ido, da yawan mambobin da za su iya tilasta kiran taron gaggawa, da yadda ake dakatar da jami'i. Idan akwai kwamitin sa ido mai rai kuma hannunsa a wanke yake, shi ne ƙofa ta farko. Idan babu, sai a tattara sa hannun mambobi a kira taron gaggawa, taron ya naɗa kwamitin bincike, a rubuta ƙudurin a littafin bayanan taro tare da sunayen waɗanda suka halarta.

Idan shugabanni sun ƙi kiran taro, hanya ta rage ta ofishin Daraktan Ƙungiyoyin Gama Kai, wanda a jihohi da yawa yake ƙarƙashin ma'aikatar ciniki, a matakin tarayya kuma yake ƙarƙashin ma'aikatar aikin gona. Dokar Ƙungiyoyin Gama Kai ta Nijeriya ta 1993 da dokokin jihohi sun ba Darakta ikon duba littattafan duk ƙungiya mai rajista da gudanar da bincike a kan yadda take aiki da halin da kuɗinta ke ciki, ko dai bisa raɗin kansa ko bisa buƙatar mambobi a rubuce. Ku kai takardar koke kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a kan ɗaya ku dawo da shi.

Kwamitin ya zama mutum uku ko biyar, a samu aƙalla mutum ɗaya da ya iya lissafin kuɗi. A rubuta masa iyakar aikinsa: daga wace shekara zuwa wace shekara, waɗanne asusai, da ranar miƙa rahoto.

Gargaɗi: kada a sa wanda ya sha kaye a zaɓen ƙungiya na baya, ko surukin ma'aji, ko wanda ƙungiya ke bin sa bashin da ya ƙi biya. Ko aikinsu ya yi kyau, da su za a soki rahoton.

Mataki na 3: Ku killace takardu a ranar da aka ba ku iko

Wannan ba aikin gobe ba ne. Daga ɗakin taro kwamiti ya wuce ofishin ƙungiya tare da shaidu biyu da jami'in da ke riƙe da takardun, a karɓi littafin kuɗin shiga da fita, da babban littafin asusun mambobi, da littattafan rasit har da waɗanda ba a fara amfani da su ba, da guntayen caki, da takardun biyan kuɗi, da fom-fom na neman rance, da rajistar mambobi, da littafin bayanan taro, da hatimin ƙungiya, da kwamfuta. A ƙirga kuɗin da ke cikin akwati a gaban mai riƙe da shi. A rubuta jerin duk abin da aka karɓa, da lambar farko da ta ƙarshe ta kowane littafin rasit, kowa ya sa hannu, shi ma jami'in a ba shi kwafi. Kayan su shiga akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu, makullan a hannun mutum biyu dabam.

A rana guda kuma a rubuta wa kowane banki, tare da kwafin ƙudurin taro, cewa an dakatar da masu sa hannu na yanzu har a kammala bincike. Jami'an da abin ya shafa su koma gefe, a kuma bayyana musu a rubuce cewa wannan ba hukunci ba ne.

Gargaɗi: a yi aiki da kwafi kawai. Kada wani ya ja layi ko ya yi alama da biro a kan takarda ta asali, kada kuma a cire fil a sake jera ta. Sannan ikonku ya tsaya ne a kan kayan ƙungiya. Ba ku da hurumin ƙwace wayar mutum ko shiga gidansa, kuma asusun bankinsa na kansa ba ku ne za ku ba da umarnin a rufe shi ba.

Mataki na 4: Kayan aiki da abin da za a kashe

Ba a buƙatar kaya masu tsada: kwamfuta mai manhajar Excel, wayar da za ta ɗauki hoton takardu a sarari, faifan ajiyar bayanai guda biyu sababbi, fayil-fayil, da littafi mai bango da za a riƙa rubuta wanda ya buɗe akwati da abin da ya ɗauka da lokacin da ya mayar. Inda kuɗi ke tafiya shi ne buga kwafi, da zirga-zirgar neman mambobin da suka yi ritaya ko aka yi wa canjin wurin aiki, da ladan ƙwararru. Jadawalin cajin bankuna na Babban Bankin Nijeriya da ya fara aiki a 2020 ya ƙayyade kuɗin bayanan asusu da aka nema na musamman kada ya wuce naira 20 a kowane shafi. Kai koke ga 'yan sanda ko EFCC kyauta ne.

Idan ƙungiyar babba ce ko ɓarnar ta shafe shekaru, sai a ɗauko akanta mai lasisi, mamban ICAN ko ANAN, wato ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci na Nijeriya. A nemi farashi daga ofisoshi uku a rubuce, a daidaita kan kuɗi tsayayye. A ganina bai dace a yi yarjejeniyar biyan akanta kaso daga abin da ya gano ba, domin lauyan wanda ake zargi zai ce kwaɗayin kaso ne ya kumbura lissafin. Haka kuma kada a ba oditan da ya saba duba ƙungiyar wannan aiki, tunda aikinsa na baya yana cikin abin da ake dubawa.

Mataki na 5: Ku karɓo bayanan banki da hannunku

Mambobin kwamiti biyu su je banki da kansu su karɓi bayanan asusu masu hatimi da sa hannu, ko banki ya turo kai tsaye zuwa adireshin imel ɗin kwamiti. Kada a karɓi wanda ma'aji ya bugo ya kawo, domin sauya lambobi a irin wannan takarda bai fi aikin 'yan mintoci ba ga wanda ya iya kwamfuta. A cikin wasiƙar neman bayanan ku nemi banki ya lissafo duk asusun da aka buɗe da sunan ƙungiya, har da na ajiyar ƙayyadadden lokaci da wanda aka rufe, da sunayen masu sa hannu da ranar da aka sauya su, da duk bashin da ƙungiya ta ci ko ta tsaya wa wani. Nan ne ake gano asusu na biyu da babban taro bai san da shi ba. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa bankuna ajiye bayanan hada-hada na aƙalla shekara biyar, saboda haka idan zargin tsoho ne ku gaggauta.

Mataki na 6: Ku bi kuɗin da ya shigo

Nan ne aikin yake, kuma nan ne kwamitoci ke gajiya. Ga kowane wata, ku jera abu uku gefe da gefe: abin da aka cira daga mambobi, abin da ya sauka a banki, da abin da aka rubuta wa mambobi a littafi. A ƙungiyar ma'aikata, na farko yana cikin jadawalin cire kuɗi na ofishin albashi, kuma daga can za ku karɓo shi, ba daga fayil ɗin sakataren kuɗi ba. A ƙungiyar 'yan kasuwa ko manoma, yana cikin rasit da littattafan ajiya da ke hannun mambobi.

A matsayin misali, a ce jadawalin albashi ya nuna an ciri naira miliyan 6 a wata, banki ya nuna miliyan 6 ta shigo, amma da kuka tara abin da aka rubuta wa kowane mamba sai kuka samu miliyan 5 da dubu 700. Naira dubu 300 ta shigo ba a rubuta wa kowa ba, kuma irin wannan kuɗin maras mai shi ne ake cirewa daga baya ba wanda ya lura. Idan kuwa jadawali ya nuna miliyan 6, banki ya nuna babu abin da ya shigo, kada ku yi saurin nuna wa ma'aji yatsa. Ya sha faruwa ma'aikata ta ciri kuɗin daga albashi ta riƙe shi watanni ba ta tura wa ƙungiya ba, wannan kuwa bashi ne da ƙungiya ke bin ma'aikatar, kuma wasiƙa daga ofishin akanta ce za ta fayyace shi.

Inda ake karɓar tsabar kuɗi, ku bi lambobin rasit ɗaya bayan ɗaya. Duk lambar da ta ɓata a rubuta ta, duk rasit ɗin da aka soke a nemi asalinsa, domin idan an soke shi da gaske asalin yana nan a manne. Ku gwada kwafin da ya rage a littafi da asalin da ke hannun mamba: dabara ce tsohuwa a cire takardar kabon a rubuta wa mamba 50,000, sannan a rubuta 5,000 a wanda ya rage. Ku kuma lura da tazarar da ke tsakanin ranar karɓar kuɗi da ranar kai su banki. Mai rufe ramin jiya da kuɗin yau ba ya barin giɓi a ƙarshen wata, amma tazarar tana ta ƙaruwa, daga kwana biyu zuwa mako guda zuwa mako uku, kuma adadin da ake kai wa banki ba ya dacewa da tarin rasit na kowace rana.

Ga waɗanda suka biya ta waya, a roƙe su su kawo shaidar turawa, wadda ke nuna sunan asusun da kuɗin ya shiga da lambar hada-hadar. Duk na'urar POS da ke ofis a tambayi kamfanin da ya bayar da ita wane asusu take zubawa.

Gargaɗi: kada ku zaɓi watanni uku ku ce sun isa. Ana iya farawa da samfuri don gano inda matsala take, amma da zarar an ga giɓi sai a bi kowane wata, domin adadin da za ku gabatar dole ya zama wanda kowace naira a cikinsa take da takarda.

Mataki na 7: Ku tantance kowane rance da wanda aka ce ya ci

A ƙungiyar adashi mafi yawan dukiyar tana hannun masu bashi, don haka nan ne wuri mafi sauƙin ɓoye sata. Ku shigar da duk basussukan cikin Excel: sunan mamba, lambarsa, adadin, ranar amincewa, waɗanda suka tsaya masa, lambar waya, da lambar asusun da aka tura kuɗin. Sannan ku jera su bisa lambar asusu, ku sake jerawa bisa lambar waya. Idan mutum biyar dabam-dabam sun karɓi rance a asusu ɗaya, ko mutum ɗaya ya tsaya wa mutum ashirin, kun samu bakin zaren. Ku ɗora jerin a kan sunayen waɗanda suka rasu, da waɗanda suka yi ritaya, da waɗanda suka bar aiki, domin da sunan waɗanda ba sa zuwa taro ake cin bashin bogi. Ku duba ko rancen ya wuce iyakar da ƙa'ida ta gindaya, wadda a ƙungiyoyi da yawa ninki biyu ce ta ajiyar mamba, ku kuma ware basussukan shugabanni da iyalansu ku nemi inda aka amince da kowannensu a bayanan taro. Bashin da aka yafe ko aka ce ya mutu shi ma a tambayi wanda ya ci, don wani lokaci ya biya tas, a hannu.

Bayan haka sai a kira mambobi ɗaya bayan ɗaya. Yadda ake tambayar yana da tasiri: kada ku karanta wa mutum adadin ku ce haka ne? Mutane da yawa za su gyaɗa kai don kunya ko don sauri. Ku bar shi ya faɗi nawa yake da shi a ajiya da nawa ake bin sa, ya rubuta ya sa hannu, sannan ku buɗe littafi. A wani bincike da na taɓa shiga, wata dattijuwa da ta yi ritaya daga koyarwa ta zo da littafin ajiyarta a naɗe cikin leda, ta ajiye a kan tebur ta ce ita dai tun da ta shiga ƙungiyar ba ta taɓa cin bashin ko sisi ba. Fom ɗin da ke gabanmu ya nuna akasin haka, har da sa hannunta da boko. Muka roƙe ta ta sa hannu a farar takarda, sai ta rubuta sunanta da ajami, kamar yadda ta yi a katin shigarta ƙungiya shekaru da dama da suka wuce. Wanda ya cike fom ɗin bai taɓa duba katin ba. Daga wannan fom muka koma kan sauran da aka rubuta da irin wannan hannun.

Gargaɗi: saƙon kiran mambobi kada ya bi ta hannun sakatare ko wani ma'aikacin ofis, kuma kada a yi amfani da lambar wayar da ke kan fom ɗin rancen da ake tantama a kansa, tunda mai yiwuwa ta wanda ya ƙirƙire shi ce. Bayanan mambobi kuma amana ne, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafe su, kada a karanta bashin wani a bainar jama'a.

Mataki na 8: Sayayya, kayan azumi da filaye

Ƙungiyoyi da yawa a Arewa ba sa ɗora ruwa a kan rance, ribarsu tana fitowa ne daga sarin kaya: shinkafa da sukari da man girki gabanin azumi, ragunan layya, babura, kayan lantarki, da filaye da ake yanka wa mambobi. Ga kowace sayayya ku haɗa huɗu: amincewar kwamiti, takardar farashin ɗan kasuwa, shaidar biyan kuɗi a banki, da jerin mambobin da suka karɓa da sa hannunsu. Idan an biya kuɗin buhu 500, jerin ya nuna 430, a nemi inda 70 suka shiga. Ku je wurin ɗan kasuwar da kanku ku ga ko shagon yana nan, ku tambayi dillalai biyu ko uku farashin kayan a wancan watan, ba na yau ba. Binciken sunan kamfani a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, zai nuna masu shi, a nan ne akan ci karo da sunan ƙanin shugaba ko matar ma'aji.

Fili kuwa sai an taka shi da ƙafa. A je da mai safiyo, a nemi wanda ya sayar a ji nawa aka ba shi, a duba takardun a hukumar filaye, kamar KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, a tabbatar da sunan ƙungiya aka rubuta shi.

Mataki na 9: Kwamfuta

Kafin kowa ya fara buɗe fayil, ƙwararre ya kwafe duk abin da ke cikin na'urar zuwa faifai biyu, a rufe ɗaya a ambulan da sa hannun shaidu. Idan ƙungiya tana aiki da manhajar lissafi, a nemi kamfanin da ya girka ta ya fitar da tarihin wanda ya shiga da abin da ya goge ko ya sauya. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buƙaci takardar tabbaci ga duk abin da aka fitar daga kwamfuta kafin kotu ta karɓe shi, don haka a rubuta sunan wanda ya buga kowace takarda da na'urar da ya yi amfani da ita. Idan ma'aikata uku suna shiga da kalmar sirri ɗaya, tarihin ba zai nuna wanda ya yi ba, sai a dogara da wasu hujjojin.

Mataki na 10: Ku saurari mutane, wanda ake zargi a ƙarshe

A fara da na waje, wato 'yan kasuwa da ma'aikatan ofishin albashi, sannan ƙananan ma'aikatan ƙungiya, sannan masu sa hannu a caki. Shugabanni da yawa za su ce sun sa hannu a caki fanko ne saboda sun yarda da ma'aji. A rubuta hakan yadda suka faɗa, domin ko ba su ci ba sakaci ne da rahoto zai ambata. Wanda zargi ya fi karkata a kansa a aika masa gayyata a rubuce, a ba shi kwanaki, a nuna masa takardun ɗaya bayan ɗaya a nemi bayaninsa. Mutum biyu su zauna da shi, ɗaya yana tambaya ɗaya yana rubutawa, a karanta masa abin da aka rubuta ya sa hannu a kowane shafi. Idan ya nemi zuwa da lauya, a bar shi. Idan ya ƙi zuwa, a ajiye shaidar cewa gayyatar ta isa hannunsa.

Gargaɗi: babu kulle ƙofa, babu tsawa, babu barazana, babu alkawarin cewa idan ya amsa za a rufa masa asiri. Kotu tana watsi da iƙirarin da aka samu ta hanyar tursasawa, kuma hukuncin da aka yanke wa mutum ba a ji ta bakinsa ba yana iya rushewa ko da hujjojin suna da ƙarfi. Wasu kwamitocin sukan ɗauko Alƙur'ani su ce kowa ya rantse a wuce wurin. Rantsuwa tana da muhallinta a gaban alƙali, amma ba ta cike gurbin lissafin da ba a yi ba.

Mataki na 11: Rubuta rahoto

Kowane abu da aka gano ya zo da ranarsa, da adadinsa, da lambar takardar da ke tabbatar da shi, da wanda ya sa hannu, da amsar da ya bayar. A raba su gida uku: kuskuren lissafi, saɓa wa ƙa'ida ba tare da shaidar cin kuɗi ba, da kuɗin da hujja ta nuna ya fita zuwa hannun da bai dace ba. A ware adadin da aka tabbatar daga wanda takardunsa suka ɓata. Kada kalmar ɓarawo ta fito a rahoton. A rubuta abin da ya faru, hukunci na kotu ne. Duk mambobin kwamiti su sa hannu, wanda bai yarda da wani sashe ba ya rubuta dalilinsa.

Mataki na 12: Inda za a kai shi da yadda ake dawo da kuɗi

Rahoto ya fara zuwa gaban babban taro, kwafi kuma ya tafi ofishin Darakta, wanda doka ta ba shi ikon warware saɓanin da ya shafi harkokin ƙungiya tsakanin mambobi da jami'ai, ko da kansa ko ta hanyar naɗa mai sasantawa. Abin da ya shiga gida na uku, wato cin amana da ƙirƙirar takardun bogi, laifi ne a kundin Penal Code, kuma lauya ne zai rubuta koke zuwa ga 'yan sanda ko EFCC bisa ƙudurin taro. Bashin gaskiya da mamba ya kasa biya kada a cusa shi cikin koken, domin Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 sun hana kama mutum a kan abin da bai wuce saɓanin yarjejeniya ba. Duk takardar asali da jami'an tsaro suka karɓa, su sa hannu a jerinta, kwamiti ya riƙe kwafi.

Ku sani cewa hukumar NDIC tana inshorar ajiyar da ke bankuna masu lasisi ne, ajiyar mamba a ƙungiyar gama kai ba ta ciki, don haka abin da za a samu sai daga hannun wanda ya ci. Dattawa za su zo, 'yan'uwa za su zo, a ce a rufa asiri zai biya a hankali. Sulhu ba aibi ba ne, amma babban taro ne ke da ikon amincewa da shi, ba kwamitin bincike ba. Yarjejeniyar ta kasance a rubuce ta hannun lauya, mutumin ya amsa adadin, a ƙayyade ranakun biya, ya ajiye jingina ta kadara mai takardu da aka tantance, a samu masu tsaya masa, kuma lauya ya fayyace matsayin koken da aka riga aka shigar kafin kowa ya yi alkawarin janyewa. Kowane biya ya shiga asusun ƙungiya kai tsaye, ba hannun ɗan kwamiti ba. Kafin a raba ko kwabo daga abin da aka dawo da shi, a fara gyara asusun mambobin da aka ci bashi da sunansu ko aka rage musu ajiya, a ba kowannensu sabuwar takardar lissafinsa ya duba ya sa hannu, sannan a miƙa akwatin takardu ga sababbin shugabanni da jerin nan da aka rubuta a Mataki na 3.